Matsafin da ya faɗa tafki: ya mutu ko yana nan?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan rubutun labarin yaƙi da tsafi. Labarin babi 24 ne, ina sakinsa duk Asabar a zauren WhatsApp na masu karatu a nan Kumasi, yanzu an kai babi na 15. Mugun cikinsa matsafi ne da ya ƙwace gari, ya ɗaure ruwan rijiyoyi bakwai na garin, sai wanda ya bi shi ke samun na sha. Tun a babi na 4 an nuna ƙarfe ba ya cin jikinsa: wani dogari ya kai masa sara, takobin ya lanƙwashe. A babi na 22, wanda ban saki ba tukuna, jarumin ya soke shi da mashi a kan wani dutse da almuru, ya faɗa tafki. Da gari ya waye aka tsinci rawaninsa a bakin ruwa. Tafkin na siffanta shi da Bosomtwe da ke kusa da nan Kumasi: tsaunuka sun kewaye shi, babu kogin da ke fita daga cikinsa.

So nake ya dawo a littafi na biyu, amma ba na son mai karatu ya ce an raina masa hankali. Yadda na rubuta ɗin nan, mutumin ya mutu ne ko akwai ƙofa? Kuma me zan gyara a babi shida da suka rage kafin na 22?

Malam na Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a zo maganar dawowarsa, akwai rami a babi na 22 ɗin da kansa. Ka ce ƙarfe ba ya cinsa. To mashin da me aka ƙera shi? In ƙarfe ne, ɗayan biyu: ko an karya maganin kafin ranar, ko mashin bai shiga ba. Duk maganin ƙarfe yana da makari, kuma mai karatunmu ya taso da sanin haka. In ba ka nuna makarin ba, masu lura za su ce bai mutu ba tun daren da ka saki babin, sauran kuma za su ce marubucin ya manta abin da ya rubuta.

Dubi yadda jalolin Mande, wato maroƙansu masu riƙe tarihi, suka bi da Sumanguru, sarkin Soso, a yaƙin Kirina wajen shekarar 1235. Shi ma ƙarfe ba ya kama shi. Sai da 'yar'uwar Sunjata, abokin gabarsa, ta tono asirinsa, aka ɗaura ƙaimin farin zakara a kan kibiya. Kibiyar ƙujewa kawai ta yi a kafaɗarsa, ƙarfinsa ya zube, ya gudu, ya shige dutsen Kulikoro, ba a ga gawarsa ba. An kayar da shi sarai, mulkinsa ya ƙare, amma ba wanda ya ce ga kabarinsa. Wannan shi ne gurbin da kake nema: karyewar asiri daban, fitar rai daban.

Sai ka gwada da na Daura. Da Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, bai bar wa kowa abin musu ba, ya sare kan ya tafi da shi. Da masu son lada suka yi ta cewa su suka kashe, kan da ya fito da shi ne ya raba gardama. A labarinmu, kan da aka sare shi ne shaida. Rawani ba shaida ba ne, iska ma tana tuɓe shi. Saboda haka amsar tambayarka ta farko: ƙofa a buɗe take, har ta yi faɗi da yawa.

Abin da ya rage shi ne ka yanke inda ransa yake. Akwai tsohuwar tatsuniyarmu ta sarkin da ya ajiye ransa a bayan gari: cikin kurmi akwai tafki, cikin tafki dutse, cikin dutse barewa, cikin barewa kurciya, cikin kurciya ɗan akwati. Muddin ba a kai ga akwatin ba, sara da suka aikin banza ne. In wannan hanyar za ka bi, dole a ga ma'ajiyar kafin babi na 22, aƙalla sau biyu, ba tare da an faɗi ko mece ce ba. Misali, a babi na 17 a ga ya hana kowa taɓa wani tulu da aka liƙe bakinsa da kakin zuma, har ya kashe bawan da ya matsar da shi. A babi na 20, ana kwashe dukiya saboda yaƙi ya ƙarato, a ga tulun ne farkon abin da ya sa aka fitar, kafin zinariya. Kada wani a cikin labarin ya yi sharhi a kai. Sau ɗaya mantawa ake yi, sau huɗu kuma ka tona kanka.

Abu na ƙarshe, da idon wa aka ga faɗuwar? Marubucin labaran ɗan binciken nan Sherlock Holmes ya kashe jarumin nasa a 1893 a wani magangarin ruwa na Siwizalan, ya dawo da shi a 1903, kuma aka karɓa, don mai ba da labarin bai ga faɗuwar ba: wasiƙa ya tarar da sawun ƙafa. In kai marubuci ka rubuta da bakinka cewa ransa ya fita, ka rufe ƙofar. In jarumin ne ya gani, cikin duhun almuru, jini na zubo masa a ido, to zato ne na mutum, kuma mutum yana kuskure.

Yaya na Tafo:

Malam ya gama maganar tsafin. Ni jikin zan taɓa, don nan ake yawan faɗuwa.

Ƙanena, tafkin da ka zaɓa shi ne babbar matsalarka. Kogi yana tafiya da gawa, a ce ruwa ya ci. Tafki irin Bosomtwe ba shi da mafita, kuma a ruwa mai ɗumi gawa takan kumbura ta taso cikin kwana biyu zuwa uku. Mutanen bakin ruwa sun san wannan. In kwana bakwai suka wuce ba abin da ya taso, masuncin farko da ya bi wurin a kan katakon da yake hawa maimakon kwalekwale zai fara tambaya. Ko dai ka bar wannan tambayar ta zama alama, ko ka ba su gawa.

In gawa za ka ba su, ta wani ce, kuma ruwan ne zai taimake ka: bayan kwana uku fuska ta kumbura, fata ta fara saɓulewa, sai da riga da zobe ake shaida mutum. Amma a lura da tsawo, da haƙora, da tsagen fuska in yana da shi, waɗannan ba sa sauyawa da wuri. Kuma dole mai karatu ya san wani ya ɓace a daren, ko da a layi ɗaya ne.

Hanyar da ba na so ka bi ita ce ta maganin da ke sa mutum ya zama kamar matacce har a binne shi. A zango ba za ta ci ba. Gawa takan fara sanƙarewa daga muƙamuƙi da wuya cikin awa 2 zuwa 6, shi ya sa ake ɗaure haɓa da wuri, ta gama sandarewa wajen awa 12. Jini yana kwanciya a gefen da ke ƙasa, wurin ya yi duhu. Mai barci ba ya yin ko ɗaya. Masu wanka kuma juya gawa suke yi, su matsa ciki a hankali, su wanke sau uku, hannunsu a jikinta tun daga farko har likkafani. Ba za su kasa jin ɗumi da numfashi ba. Gibi ɗaya ne kawai: tsoro. Matsafin da ya azabtar da gari ba wanda zai so ya taɓa shi, da sanda za a tura gawar cikin rami daga nesa. Wannan ya halatta, kuma gaskiyar halin mutane ne.

Sai raunin. Mashi a ƙirji ta hagu, mintoci ne. Sa shi a kafaɗa ko a naman cinya ta waje, kuma ya faɗa da mashin a jikinsa, don zare shi ne ke buɗe wa jini hanya. Tsawon dutsen kada ya wuce mita 10 zuwa 15, ya shiga da ƙafa. A ƙarƙashin ruwa, mai rauni ba zai riƙe numfashi fiye da minti ɗaya ko biyu ba, ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. To wani ne zai ciro shi nan take, kuma wannan mutumin dole a san shi tun yanzu.

Hajiya ta Alabar:

Duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ɗana, ka yi tunanin waɗanda suka bi ka wata shida suna jiran ranar da azzalumin nan zai faɗi. In ya dawo da ƙarfinsa cif, ka ƙwace musu abin da ka ba su, kuma duk wanda ya mutu a yaƙin ya mutu a banza. Garin da aka 'yanta ya zauna a 'yance. Shi kuwa ya dawo da hannu ɗaya a shanye, maganin ƙarfen ya tafi har abada, yanzu ko reza tana yanka shi. Mugun da ya san zafin ƙarfe ya fi wanda bai sani ba ban tsoro, don ba zai sake fitowa fili ba, ta hannun mutane zai riƙa aiki. Kuma sau ɗaya ake yin wannan. Mutuwarsa ta biyu sai da gawa, da rana tsaka, gaban jama'a.

Alamar da ta fi tulu da masunci tana hannunka ba ka gani ba. A labarinmu, ranar da mai asiri ya mutu asirinsa yake warwarewa. Rijiyoyinka bakwai ne.

Ɗan Aboabo:

Allah ya saka da alheri, Malam, Yaya, Hajiya. Kenan shida su kawo ruwa, ɗaya ta ƙi? A wane babi zan sa, kuma ba zai tona komai ba?

Hajiya ta Alabar:

A babi na 23, tsakiyar murna, ba a layin ƙarshe ba, don layin ƙarshe kowa yana zuba masa ido. Mata na guɗa, yara na watsa wa juna ruwa, wata tsohuwa ta zura guga a rijiyar ƙofar yamma ya fito da busasshen yashi. Nan take ka ba da dalili mai sauƙi ta bakin wani dattijo: ai wannan dama ta fi sauran zurfi, sai an yashe ta. Kowa ya yarda, a koma kiɗa. A babi na 24 kada ka ambaci rijiyar ko kaɗan. Littafi na biyu kuma ya buɗe da masu yasa sun kwana uku a cikinta, igiya ta ƙare, ba su taɓa laima ba.