Fetur ya haura dubu a 2024: in juya motata zuwa gas ɗin CNG ko in ƙara haƙuri?

Direban Kawo

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son in ji daga bakin waɗanda suka taɓa abin da hannunsu.

Ni direba ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan Sharon tsakanin Kaduna da Abuja. Motar tawa ce, na gama biyan mai ita tun kafin korona. Ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, da safen nan a kan naira 195 na sha lita. Sati bai zagayo ba ta koma 540. Daga nan sai 617, a Satumban 2024 ta kai 897, a Oktoban shekarar kuma 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. A kan hanya har 1,100 na sha.

Sawu ɗaya, zuwa da dawowa, motar tana shan lita 45 in ba a samu cunkoso a Tafa ba. Wajen naira 47,000 ke nan a farashin Oktoban 2024, tun ban cire kuɗin tasha da na 'yan kamasho da abin da ake miƙawa a hanya ba. Mun ƙara kuɗin mota, fasinja ya ja baya. Ranar Talatar da ta wuce tun ƙarfe bakwai nake lodi, sai sha ɗaya saura na cika. Da na dawo gida na zauna na ƙirga, abin da ya rage a hannuna bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, ga yara biyar.

Na je wani garejin da aka ce gwamnati ta amince da shi, sun ce naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku za su juya mini ita zuwa CNG, wato iskar gas ɗin da ake matsewa a cikin tukunyar ƙarfe. A yuniyon an rubuta sunayenmu wata biyu da suka wuce, wai za a yi wa motocin haya kyauta, har yau shiru. Sai ga wani yaro a tasha ya ce da dubu ɗari huɗu da hamsin zai yi mini, shi zai samo tukunyar da kansa. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, dubu ɗari shida, kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta fara karkata wajen yaron.

Abin da nake son sani: tukunya ɗaya za ta kai ni Zuba daga Kawo? Ina zan sa kayan fasinja? Gaskiya ne gas yana cinye inji? Sannan maƙwabcina ya juya janaretansa zuwa gas ɗin girki, yana ta yabawa. Me zai hana a yi wa mota haka, tunda shi ana samunsa ko'ina?

Ɗan Kubwa

Wa alaikumus salam Oga. Ni wata biyar ke nan da juya Corolla ɗina, haya nake yi a cikin Abuja. Bari in faɗa maka yadda yake, daɗin da wuyar.

Tukunyata mai lita 65 ce. Shi wannan gas ba da lita ake sayar da shi ba, da wani ma'auni ne da suke kira SCM, kuma a tafiya SCM ɗaya kusan daidai yake da litar fetur ɗaya. In an cika mini sosai tana ɗaukar 14, kowanne naira 230 a farashin 2024, wato 3,220. Da wannan nake yin kilomita kusan 170 in ban kunna AC ba. Da a ce fetur ne sai na kashe fiye da 14,000. Wallahi ranar farko sai da na sake duba rasit ɗin.

Wuyar kuma layi ne. Awa biyu, awa uku. Wata rana ka kai bakin famfo a ce gas ya ƙare, tirelar da ke kawowa ba ta iso ba. Wata rana akwai gas amma matsin ya yi ƙasa, sai tukunya ta tsaya a 10. Yanzu ina idar da sallar asuba nake wucewa, ko kuma sha ɗayan dare. Rabin but ɗina ya tafi, duk fasinjan filin jirgi mai akwati biyu sai dai in ba shi haƙuri.

Game da tambayarka ta farko, lissafin a fili yake. Kai ka ce lita 45 a sawu, wato kusan lita 11 a kowace kilomita ɗari. Tukunya irin tawa za ta yi maka kilomita 125 ko ƙasa da haka. In ka cika a Abuja, tsakanin Katari da Rijana za ta ƙare, motar ta koma fetur da kanta, ba tsayawa za ka yi ba. Don haka tukunya ɗaya ba za ta raba ka da gidan mai ba, rage maka za ta yi. In a Abuja kaɗai kake cikawa, ribar ba ta wuce dubu goma sha ɗaya a sawu ba. In ka samu inda za ka cika a Kaduna ma, ta ninka. Ka yi lissafin kwanakin da kuɗinka za su dawo da wannan, kada ka yi da abin da masu talla suke faɗa.

Baba Makanike

Ɗana direba, na karanta maganarka sau biyu, wurin yaron nan mai dubu ɗari huɗu da hamsin ne ya tsaya mini a rai. Shekara talatin da wani abu ina ƙarƙashin mota a Panteka, ka saurare ni.

In ka je wajen mai faci, iska nawa yake sa wa tayarka? Talatin da biyar, in da kaya arba'in. To a wannan ma'aunin, gas ɗin da ake dannawa cikin tukunyar CNG ya kusa dubu uku. Tukunyar girki da ke kicin ɗin gidanka ɗari da wani abu kawai take ɗauka. Shi ya sa tukunyar CNG ta gaskiya ba ta da ɗinkin walda a jikinta ko ɗaya, daga dunƙulen ƙarfe guda ake sarrafo ta, kuma nauyinta ya haura buhun siminti. A wuyanta za ka ga an buga rubutu a jikin ƙarfen: ranar da aka ƙera ta, matsin da aka gwada ta da shi, lambarta, da lokacin da wa'adinta zai cika. Duk tukunyar da ka ga alamar walda, ko an shafe rubutun da fenti, ko mai ita ya kasa nuna maka takardarta, ko kyauta ce kada ka karɓa.

A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin, ana tsaka da cika ta, mutane sun ji munanan raunuka. Da aka bincika, tukunyar haɗin gida ce, masu walda suka yi ta. Kuma ka sani Benin ta fi shekara goma ana tuƙa motocin haya da wannan gas lafiya lau. Kai mutum bakwai, takwas kake ɗauka, tukunyar kuma a bayan kujerar ƙarshe za ta zauna, inda mata da yara suka fi zama. Kuɗin kayan juyin kansu, tukunya da ragileta da bututu da 'yar kwamfutar da ke raba gas, daga waje ake shigo da su da dala. Wanda ya ce zai yi maka a kashi ɗaya cikin uku na farashi, tambaye shi wanne ya cire a ciki.

In aikin na gaskiya ne, gas ɗin kansa bai fi fetur haɗari ba. Ya fi iska rashin nauyi, in ya tsiyaya sama yake yi ya watse. Na girki kuwa ƙasa yake kwanciya, ya taru a cikin but ko ƙarƙashin kujera yana jiran tartsatsi. Ana yin motoci masu amfani da na girkin, a Turkiyya sun yi yawa ƙwarai, amma da tankinsu na musamman, ba tukunyar kicin da tiyo ba. Kuma a farashin da kilo yake a nan a 2024, ribar da za ka samu kaɗan ce. Bar wa janareta wannan.

Maganar cin inji. Gas busasshe ne, ba ya jiƙa bawul yadda fetur yake yi, kuma wutarsa ta fi zafi a wurin. In an saita shi ya yi ƙaranci, a hankali mazaunin bawul zai cinye. Maganinsa saiti mai kyau da kwamfuta, fulogi sababbi, da lagireto mai lafiya. Motar da take zafi tun da fetur, a gyara ta tukuna. Za ka ji ƙarfinta ya ɗan ragu, musamman a hawa da cikakken lodi, sai ka riƙa saukar da giya da wuri. A ɗaya ɓangaren baƙin mai yana daɗewa bai yi duhu ba, don gas ba ya barin toka sosai.

Abu biyu da direbobi suke mantawa. Na ɗaya, motar da fetur take tashi da safe, sai ta ɗumama take komawa gas. Kada ka bar tanki ya bushe, famfon mai zai ƙone, ka bar ko kwata a ciki kullum. Na biyu, nauyin nan a baya yake zaune dare da rana, hanyar Abuja kuwa ka fi ni sanin gargadarta tun da aka fara aikinta a 2018. Ka duba sifirin da shokozoba na baya, kuma bayan sati biyu ka koma a ƙara ɗaure maɗauran tukunyar.

Malama Kano

Malam, Allah ya kawo mafita. Tawa motar tun Satumba take ajiye a ƙarƙashin bishiya, adaidaita sahu nake hawa zuwa makarantar da nake koyarwa.

Ku da kuke zuwa Abuja kuna da sauƙi. Abin da ya sa gas ɗin yake wahala a Arewa shi ne a mota ake jigilarsa daga Kudu. Bututun da zai kawo shi, mai tasowa daga Ajaokuta ya bi Abuja da Kaduna ya ƙare a Kano, kilomita 614, tun Yunin 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikinsa, har ƙarshen 2024 muna jira. Ranar da ya iso ne zancen zai zama namu sosai.

Abin da nake jin tsoro kuma shi ne farashin. Wannan 230 ɗin hukuma ce ta tsayar da shi don a jawo mutane. Mu da muka ga fetur ya tashi daga 195 ya haura dubu cikin wata goma sha bakwai, bai kamata mu ci bashi a kan zaton cewa zai zauna a haka ba. Ka yi lissafinka kamar ya ninka, in har yanzu da riba, to bismillah.

Ƙanina kullum zancensa motar lantarki, yana ba ni misali da waɗanda gwamnatin Borno ta zuba a Maiduguri. Na ce masa ya tuna ƙarshen Oktoban 2024, da muka yi fiye da mako guda babu wuta a Kano da yawancin Arewa, har cajin waya sai da kuɗi. Adaidaita mai batir da ake cajinsa da sola a cikin gari, wannan na yarda da shi. Kaduna zuwa Abuja da mutum takwas, da saura.

Manomin Rake

Ni abin da yake ba ni takaici, Brazil tun 1975 ta fara tuƙa motoci da sinadarin da ake tatsa daga rake, daga 2003 kuma suka fara ƙera motar da za ka zuba mata fetur ko shi, duk wanda ya fi araha ranar. Mu ga rake a Numan, ga shi a Bacita, ga fadamu a ko'ina, amma ko sukarin da muke sha yawancinsa daga waje ake kawo ɗanyensa. Na san wannan ba zai cika maka tanki gobe ba Malam, na faɗa ne don ya daɗe yana cina.

Direban Kawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba, jiya bayan la'asar na sa yaron ya kai ni in ga tukunyar. Tana jingine a bayan wani shago, an yi mata sabon farin fenti. Na shafa wuyanta da hannu ina neman rubutun da ka ce, babu komai, sai wani layi mai tudu da ya zagaye cikinta a ƙarƙashin fentin. Na tambaye shi takarda, ya ce wai mai ita ya yi tafiya. Ban yi masa faɗa ba, ɗan maƙwabta ne, amma na gaya masa maganar Benin, kuma na faɗa wa shugaban tasharmu, don na ji akwai direbobi biyu da suka riga suka ba shi kafin alƙalami. Daren jiya ban yi barcin kirki ba, ina ta tuna matar da take bina duk Litinin da jaririnta, kullum kujerar baya take zaɓa don ta samu wurin shayarwa.

Ɗan Kubwa, lissafinka na bi. In dubu goma sha ɗaya ce a sawu, sai na yi sawu kusan 120 kafin kuɗina su dawo, wata biyar zuwa shida ke nan in mota ba ta kwanta ba. Kuma ban cire kuɗin kaya da zan rasa ba, buhun citta ko na masara ɗaya da nake sakawa a baya yakan biya mini kuɗin tasha. Adashin zan ajiye shi a banki, in ci gaba da bibiyar sunana a yuniyon zuwa bayan sabuwar shekara. Jibi in na sauke fasinja a Abuja ina so in je gidan gas ɗin da kake cikawa, in tsaya in ga layin da idona, in kuma ga ko akwai mai Sharon a ciki in leƙa but ɗinsa. Ƙarfe nawa zan same ka a wurin?