Ku da kuka tashi a babban gida, mi ya biyo ku har girma?

Ɗan Rafindadi:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mani a rai tun satin da ya wuce, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu masu irin nawa. Ni ɗan fari ne, an haife ni 1987 shekarar da aka ba mu jihar Katsina, kuma har yau ɗin nan ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Kai" take ce mani, in tana ba wani labarina kuma ta ce "wancan yaron". Da aka tashi yaye ni aka kai ni ɗakin kakata ta wajen uba, daga yaye sai zama, ban dawo wajen Inna ba sai ina aji huɗu na firamare bayan tsohuwar ta rasu. Na dawo na iske ƙannena uku suna hawa jikinta suna kwana bayanta, ni kuwa in na je ɗakin bakin ƙofa nike tsayawa kamar wanda aka aiko. Baba kuma Allah ya jiƙanshi, mutumin kirki ne bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma da mun ji ƙarar Vespa ɗinshi ta shawo lungu kowa zai kama gabanshi, hira ta mutu kenan sai gobe.

To ranar Talata na je ɗauko ɗiyata daga makaranta, shekararta biyar, ta hango ni ta rugo da gudu ta rungume ƙafafuna gaban iyayen yara, wallahi sai na ji jikina ya sandare, na ɗan ture ta na ce "ke miye haka". Kallon da yarinyar nan ta yi mani shi ya hana ni barci. Ina son ta kamar raina amma hannuna bai iya ba. Matata ma ta sha faɗa mani wai ba ta san cikina ba, shekara tara muna tare. Shi ne nike tambaya, akwai wanda zaman gidansu na yarinta ya biyo shi haka? Mai daɗi da marar daɗi duk ku faɗa don Allah.

Maman Ummi, Daura:
Wa alaikumus salam. Allah sarki Yaya, ina karantawa ina hawaye. Ni riƙo aka ba da ni. Ina shekara biyar Goggona, yayar babanmu, ta zo suna daga Daura, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Baba ya ce ta tafi da ni, a ranar aka ɗaure mani kayana a ɗankwali. Kada ma wani ya ɗauka wahala na sha, a'a, Goggo ta riƙe ni riƙon da ko uwa sai haka, ita ke goya ni mu je kallon hawan Sallar Gani, ita ta yi mani kayan ɗaki har gado da sif. Amma akwai wani abu da ba na iya faɗa wa kowa lokacin, kullum ina jin kamar aro aka yi da ni kuma in na yi laifi za a maida ni. Saboda haka ban taɓa cewa ina so ba, ban taɓa cewa ban ƙoshi ba, ko takalmina ya matse ni sai in yi shiru in dinga lanƙwashe yatsu. In na je gida hutu kuma 'yan ɗakinmu suna da labaransu da sunayen tsokanarsu da ban sani ba, su ce "'yar Daura ta zo", a shimfiɗa mani tabarma kamar baƙuwa.

Da Umma ta rasu ƙannena suna faɗuwa suna suma ni hawaye ya ƙi zuwa, har mata suka fara ƙus-ƙus. Da Goggo ta rasu kuwa sai da aka ƙara mani ruwa a asibiti. Yanzu a gidan aure abin nan yana nan, maigida zai tambaye ni mi kike buƙata in ce babu, alhali akwai, in ya ɗan canza fuska kwana zan yi ina lissafin laifin da na yi. Ƙanwar mijina ta nemi in ba ta Ummi, na ce ta yi haƙuri, ta ji haushi sosai amma ba zan iya ba.

Malam na Ƙofar Ƙaura:
Ɗan'uwa ni ma ɗan fari ne kuma na girme ka, ina so in ɗan ja hankalinka kada shaiɗan ya sa ka ga kamar Inna ba ta son ka. Alkunya ce, haka suka taras, mace ta kira sunan ɗanta na fari ko ta yi mashi wasa gaban surukai a ce ba ta da kunya. Tawa uwar ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, amma kullum na dawo makarantar dare zan iske kwano a rufe bayan randa, ƙanzon tuwo ne an jiƙa da man shanu da ɗan yaji, ba ta taɓa cewa ita ta ajiye ba ni ma ban taɓa tambaya ba. Wannan kwanon shi ya riƙe ni, duk abin da ya same ni a duniya ina jin akwai wanda ke tunawa da ni. Ka duba da kyau, kai ma akwai naka kwanon.

Amma maganar ɗiyarka kuwa gyara za ka yi, ba al'ada ba ce addini. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikanshi Hasan, ya ce ni ina da 'ya'ya goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jinƙai ba a jinƙanshi. Yana cikin Bukhari da Muslim. Gobe in ta rugo ka durƙusa ka ɗauke ta, ranar farko ce mai nauyi.

Ba Suna:
Ku yi haƙuri ba zan sa ko laƙabi ba don 'yan gidanmu na nan. Ku naku ma mai sauƙi ne, ni abin da ya kashe mu 'yan ubanci ne. Mata uku, mu goma sha tara. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne yana da rufin asiri, amma kowa a unguwa ya san ɗakin da yake so. Sallah in ta zo 'yan ɗakin amarya shadda mu kuma yadi, kuma tela ɗaya ke ɗinka mana, kai ka je karɓo naka ka ga nasu a rataye. Su aka kai makarantar kuɗi, mu ta gwamnati. Iyayenmu mata kuma suka ɗora mu a kai, kada ka ci abincin ɗakin wance, kada ka faɗa masu sakamakon jarabawarka, kada ka bar rigarka a igiya. Yaro ɗan shekara shida ana koya mashi ɗan'uwanshi abokin gaba ne, mi kuke tsammani zai zama?

Abin da na zama shi ne mutumin da bai yarda da kowa ba. A wajen aiki in aka yaba wa wani sai in ji kamar ni aka zaga, in abokina ya sayi mota in yi mashi murna a baki in koma gida ƙirjina na zafi, na san hassada ce ina istigfari amma tushenta tun daga shagon telan nan ne. Rabon gado ya ƙarasa abin da ya rage, shekara shida kenan akwai yayyena da ko a jana'iza muka haɗu sai dai a ɗaga hannu daga nesa, ɗiyanmu ba su san juna ba, ranar nan yarona ya yi faɗa da wani a filin ƙwallo ashe ɗan wana ne. Ina da hawan jini tun ban kai arba'in ba. Masu mata biyu da uku da ke cikin nan don girman Allah ku ji, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da babanshi ya yi mashi kyauta shi kaɗai Annabi ya ƙi yin shaida ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku, ba wasa ba ne. Yara na ƙirga komi, har tsokar nama.

Anti Nas:
Ba Suna, Allah ya daidaita tsakaninku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ka faɗa na hawan jini kada ka raba shi da wancan. Kullum muna ganin mutane, musamman mata, su zo da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, a yi gwaji ba maleriya ba taifot, sai ka zauna da mace minti goma ka ji ashe damuwa ce ta shekara ashirin. Masana sun bi abin nan. A Amurka akwai binciken jami'ar Harvard da aka fara tun 1938 ana bin rayuwar mutane daga samartaka har tsufa, a 2007 suka fitar da wani sashe kan maza 229, suka ga waɗanda ba su yi zaman daɗi da 'yan'uwansu ba kafin shekara 20 sun fi faɗawa ciwon damuwa mai tsanani kafin su kai 50. Akwai kuma wani da aka yi tsakanin 1995 da 1997, an tambayi mutum sama da 17,000 irin wahalar da suka gani a gida suna yara, duka, zagi, rashin kula, rabuwar iyaye, aka ga yadda wahalar ta yi yawa haka ciwon zuciya da damuwa da shaye-shaye ke ƙaruwa a girma. Su can gidajensu ƙanana ne ba kishiya, to ina ga mu da yaro ke tashi cikin mutum talatin.

Ni kaina babbar ɗiya ce mace, tun ina shekara bakwai da goyo a bayana, in je tallan ƙuli in dawo in yi wa ƙanne wanka. Har yau ban iya zama a yi mani hidima ba, ko ciwo nike sai na tashi, kuma duk matsalar gidanmu wayata ake kira. Ina jin daɗin yadda suke girmama ni amma gajiya na nan, wani lokacin ina so ni ma wani ya ce Yaya ya jikinki.

Tela a Babbar Kasuwa:
Ni ban iya dogon rubutu ba. Daga ƙauye aka kai ni almajiranci Zariya ina shekara bakwai, ina tuna Inna ta soya mani aya ta ƙulla a leda ba ta fito rakiya ba. Abin da ya cece ni yayana yana can kafin ni, ya girme ni da shekara huɗu. Shi ke zuwa bara ya kawo mu ci, in ɗumame ɗaya ya samu sai ya ce shi ya ci a hanya, sai da na girma na gane ƙarya yake. Lokacin sanyi buhu ɗaya muke shiga ya sa ni ta wajen bango. Da ƙazuwa ta kama ni shi ke wanke mani da ruwan ɗumi. Iyayenmu muna girmama su muna yi masu aike amma gaskiya ba mu saba ba, in na je gida gaisuwa ce sai shiru. Yaya kuwa shi ne uwata shi ne ubana, shi ya saya mani keken ɗinki na farko, ko mata zan ƙara sai na ji ta bakinshi. Ina ganin shi ya sa ban lalace ba kamar wasu da muka yi zama tare, su ba su da kowa. Da aka kwaso almajirai lokacin korona a 2020 ana maida su jihohinsu na je na ga yaran a mota, na rasa abin da zan ce. Ɗiyana suna karatun allo nan bakin layinmu, su dawo su kwana gida.

Maman Ummi, Daura:
Malam Tela Allah ya saka wa yayanka da Aljanna. Anti Nas, ya jikinki? Ga shi na tambaya, kuma da gaske nike.

Anti Nas:
Kin sa ni kuka a wajen aiki 'yar'uwa. Alhamdulillah, na gode.

Ɗan Rafindadi:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Ba Suna, in da hali ka kai yaronka gidan wan nan naka ko kai ba za ka shiga ba, su yaran ba su yi wa juna komi ba.

Malam na Ƙofar Ƙaura na bi maganarka. Jiya Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗauki ɗiyata muka je wajen Inna, maimakon in tsaya bakin ƙofa in gaishe ta in ajiye kuɗin cefane kamar kullum sai na cire takalmi na shiga na zauna bakin gadonta. Ta rasa inda za ta sa kanta, ta dinga gyara ɗankwali tana yi wa yarinyar magana ita kaɗai. Can sai ta tashi ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fiddo wata 'yar hula saƙar hannu duk ta koɗe, ta miƙa wa ɗiyata ta ce "ta babanki ce, ranar da aka kai shi yaye ya bar ta". Ba ta kalle ni ba, ni ma ban iya cewa komi ba. Mun kai har la'asar a ɗakin. Da za mu tafi yarinyar ta yi barci, na ɗauke ta a kafaɗa tun daga cikin gida har bakin titi inda na ajiye mashin, hular na hannunta.