Abin da malamai da iyaye suka ce kan yara da Scratch

Da aka tattauna batun Scratch, manhajar kyauta ta koyon rubuta shirin kwamfuta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don 'yan shekara 8 zuwa 16, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a ƙyale yaro ya zaɓi abin da zai ƙera. Mai son ƙwallo ya haɗa wasan bugun fenariti, mai tatsuniya ta sa Gizo da Ƙoƙi gardama. A zaunar da su bibbiyu kan kwamfuta ɗaya: wannan na jera tubalan umarni, wancan na neman inda kyanwar Scratch, wadda ke bin umarnin a allo, ta maƙale, can su yi musanya. Babba kada ya sa musu hannu, wanda a ganina shi ne mai wuyar.

Masu kukan data kuwa, a sauke manhajar, tana aiki ba intanet.