Abin da na tsinta a fada kan makaman nukiliya

Daren Asabar a fadarmu ta Zango, shayi na kan gawayi, wani ƙanenmu ɗalibin Jami'ar André Salifou ya kawo tambayar da aka ba su a aji: me ya sa ƙasashe ke tara bama-baman nukiliya alhali ba sa son harba su?

Wani dattijo, tsohon malamin tarihi, ya ce masa: "Ɗana, fara da tsoro kafin ka yi maganar ƙarfin bam." Amfanin makamin shi ne abokin gaba ya tabbata ko da ya riga ka kai hari, akwai sauran abin ramuwa a hannunka. Shi ya sa Amurka, Rasha, Faransa da Ingila ke ɓoye makamai a jiragen ƙarƙashin teku, inda ba a san wurinsu ba. Kar ta san kar ke nan. Amma ya ja kunnensa kada ya ɗauka tsarin ba ya kuskure: a Oktoban 1962 rikicin Amurka da Tarayyar Sobiyat kan makaman nukiliya da aka girke a Kuba ya tsayar da duniya a bakin rami kwana 13, har a 1963 aka kafa layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washington da Mosko.

Wani ya ce wa ɗalibin ya nemi yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman ta 1968 ya karanta.

Shawarar yayanmu direba ce ta fi taɓa ni: kada ya rubuta kamar abin bai shafe mu ba. Yuraniyom ma'adini ne da ake haɗa bam ɗin nukiliya da shi, na Arlit kuwa daga ƙasarmu Nijar yake fita, kuma a Saharar nan, a Reggane ta Aljeriya, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a 1960. Ya ce a saka Afirka ta Kudu ma, wadda ta ƙera bama-bamai 6 sannan ta wargaza su da hannunta.