Wanki ya fi ƙarfina, ku ba ni shawara

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema a kan wanki. Mu takwas ne a gida: ni da Abban Walid, yara biyar, da ƙanwar maigidan da ke karatu a wurinmu. Ƙarfe 7 na safe nake fita aiki, ba na dawowa sai bayan la'asar. Wankin mako gaba ɗaya nake tarawa zuwa Asabar, ranar tun bayan sallar asuba nake duƙe har azahar ta gota, Lahadi kuma guga idan an kawo wuta. Cuɗar ma ba ta kai abin da ke biyo bayanta damuna ba. Kayan da aka kwaso daga igiya sai su kwana uku jibge a kujerar falo, wankakke ya cakuɗe da mai datti, da safe a yi ta neman safa ɗaya yaro yana kuka. Yau Walid da ɗanyar riga ya tafi makaranta, abin ya tsaya mini a rai. Ku yaya kuke yi?

Ummu Hanifa: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Walid, na san wannan gajiyar. Tarawar ce matsalarki. Wankin mutum takwas na kwana bakwai ba aikin rana ɗaya ba ne. Ni rabawa na yi: Litinin fararen kaya, Talata na ƙananan yara, Laraba yunifom, Alhamis nawa da na maigida, Asabar zannuwan gado da tawul da yunifom kuma. Juma'a da Lahadi ba na taɓa wanki. Ina jiƙawa bayan isha'i, da asuba kafin ruwan shayi ya tafasa na cuɗa na ɗauraye na shanya. Baho ɗaya ne, ba ya cin rabin awa.

Maman Walid: To Ummu Hanifa ruwan fa? Mu famfo sai ya yi mako biyu bai zo ba, wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Ina ganin wankin kullum zai fi cin jarka.

Ummu Hanifa: Haka na zata da farko. Amma kayan da bai kwana shida da gumi a jikinsa ba, ba ya son sabulu mai yawa, ɗauraya biyu ta ishe shi. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kuma ba na zubarwa, da shi ake goge tsakar gida ko a kora banɗaki.

Hajiya Babba: Ni dai ban yarda da wankin kullum ba ga mai fita aiki. 'Yata, ki yi sau biyu a mako, Laraba da yamma da Asabar, ya wadatar. Shekara 30 ina riƙe da gida mai mutum fiye da goma, abin da na gano shi ne ba a baho rikici yake farawa ba, a wurin tuɓe kaya yake farawa. Ki sami kwanduna uku na roba masu huji ki jera a lungu ɗaya: na fari, na masu launi, na kayan makaranta. Wanda ya tuɓe ya jefa inda ya dace. Ranar wanki ba sai kin zauna tsince-tsince ba, ɗauka kawai za ki yi. Kada ki tara a jakar Gana-mas-go ko bokiti mai murfi, iska ba ta shiga, tufa mai gumi kwana biyu za ta yi ta fara ɗigo-ɗigon baƙi, wannan kuwa da wuya ya fita.

Sannan doka ɗaya, ita ce babba: kayan da aka cire daga igiya ba ya sauka a falo. A bakin igiyar ake ninkewa. Ki shimfiɗa tabarma a gindinta, ki cire ki ninke ki ajiye kashi-kashi, na kowa daban. Ki ƙwala kira kowa ya zo ya ɗauki nasa. Da kika rungumo su a dunƙule kika ce sai anjima, to shi ke nan, sun zama kayan kujera.

Maman Walid: Wallahi Hajiya kamar kina gidan. Rungumowa nake yi saboda magariba ta kawo jiki.

Malama Uwa: Ina da tambaya kafin na ce komai. Shekarun yaran nawa-nawa?

Maman Walid: Walid 13, mai bi masa mace 11, sai namiji 8, mace 5, auta wata 9.

Malama Uwa: To 'yar uwa, ai ba wankin mutum takwas ne a kanki ba. Ɗan shekara 13 da 'yar 11 su wanke yunifom ɗinsu da safa da ƙananan kayansu da kansu. Idan gobe aka kai su makarantar kwana wa zai yi musu? Mai 8 ya wanke safarsa, ya riƙa shanya da kwashewa. Mai 5 ma tana iya haɗa safa biyu-biyu, yara suna jin daɗin wannan aikin. Ƙanwar maigida kuwa babba ce, ki zaunar da ita cikin mutunci ki ba ta ranarta ta baho da igiya. Kuma don Allah kada a ɗora wa macen a bar Walid yana ƙwallo. Shekara 16 ina koyarwa, ina ganin samarin da ba su san yadda ake matse riga ba, kuma mu iyaye mata muka jawo. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa. Wane namiji ne zai ce aikin tufarsa ya yi masa ƙanƙanta?

Makonni biyun farko wuyan rigar ba zai fita yadda kike so ba. Ki daure, ki nuna masa inda zai goga sabulu, kada ki karɓe ki sake wankewa a gabansa, sai ya karaya.

Amaryar Zariya: Ni ban daɗe da aure ba, ina ɗaukar darasi. Amma batun safa, Antina zare take ɗinkawa a bakin kowace, kowane yaro da launinsa. Ja na wane, kore na wance. Singileti da gajeren wando ma haka.

Hajiya Babba: Antinki ta san aiki. Ki ƙara da wannan: a saya musu safa iri ɗaya launi ɗaya, ƙafa shida-shida. Ko ɗaya ta ɓace sauran suna haɗuwa da juna.

Maman 'Yan Biyu: Maman Walid in da hali ki yi adashi ki sayi injin wanki mai baho biyu, wanda gefe ɗaya ke wanki ɗaya ke matsewa. Ba mai sarrafa kansa ba, shi wancan yana son famfo mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. Wannan da bokiti kike zuba masa ruwa, kuma ba ya jan wuta sosai, ƙaramin janareta yana ɗaukarsa. Ruwan sabulu ɗaya nake wanke zubi biyu ko uku da shi, na fara da fari na ƙare da masu duhu. Ni ɓangaren matsewar ma ya fi yi mini amfani: da damina kayan da zai wuni yana ɗiga, awa biyu a baranda ya sha iska. Sai dai ki kula da abu biyu. Ki duba aljihu kafin ki zuba, biro ɗaya ya taɓa ɓata mini fararen hijaban Islamiyya guda huɗu. Kuma shadda da leshi mai duwatsu ba sa shiga ciki.

Maman Walid: Shaddojin Abban Walid dama mai wanki da guga nake ba wa. Amma sau biyu ke nan hula da wando suna ɓacewa, sai mu yi ta musu.

Maman 'Yan Biyu: Littafi za ki ajiye. Kafin ya ɗauka ku ƙirga tare, ki rubuta kwanan wata, riga nawa, wando nawa, launi kaza. Ki ɗauki hoto da waya. Shi ma kin sauƙaƙa masa, don kayan gida goma yake haɗawa. Hula kuwa ki daina haɗawa da kaya, a kai wa masu wankin hula, su ke da ƙwarya da itacen ɗora ta ta bushe ba ta lanƙwashe ba.

Anti Nas: Salamu alaikum, yanzu na sauka daga aiki na ga hirar. Tunda akwai jaririya a gidan bari na faɗi abubuwan da muke gani a asibiti.

Kafur ɗin nan farare masu kama da ƙwallo da ake zubawa a akwati, kada ya kusanci kayan jarirai. Sinadarin naftalin ne a cikin yawancinsu. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, ya fi yawa a maza, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur ko aka sa masa rigar da ta kwana a ciki, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, ido da jiki su yi ɗorawa, ciwon shawara mai tsanani, a ɗanyen jariri har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Uwa ba ta san ɗanta yana da shi ba sai abin ya faru. Kayan jariri wanki da rana da guga sun ishe su.

Sai shanya a ƙasa ko a kan ciyawa, musamman da damina. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai zarnin fitsari da kuma jikin tufa mai danshi. In aka sa tufar, tsutsar ta huda fata ta zauna, sai ki ga kamar maruru da ɗan baki a tsakiya, yaro yana ta kuka. A igiya za a shanya, cikin rana, a kuma goge ciki da bai, har zanen goyo da kamfai, zafin dutsen guga yana kashe ƙwan.

Masu jiƙa kaya da dare kuma, Ummu Hanifa da ke nake: baho ko bokiti mai ruwa kada ya kwana inda mai rarrafe zai kai. Yaro in ya kifa kai ciki ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. A sa a banɗaki a ja ƙofa a sa sakata.

Ummu Hanifa: Innalillahi. Na gode Anti, a tsakar gida nake bari. Daga yau ya koma banɗaki.

Amaryar Zariya: Anti kafur ɗin cike yake a akwatin kayan haihuwar da na fara tarawa. In wanke kawai?

Anti Nas: Ki kwashe shi duka ki zubar inda yara ba za su tsinta ba, don kama da alewa yake yi musu. Ruwa kaɗai ba ya narkar da shi. Ki baza kayan a igiya su sha iska da rana kwanaki, har warin ya tafi gaba ɗaya, sannan ki wanke da sabulu ki goge. Akwatin ma a bar shi buɗe a rana.

Inna ta Maraɗi: Gaisuwa gare ku daga Maraɗi. Abin da kuke ce ma Hypo mu nan jabel muke ce mishi. Ina roƙon ku kada a gama shi da maganin wankin masai, iskar da ke tashi guba ce, tana kama ƙirji nan take. Kuma murfi guda a baho ya isa, in ya yi yawa farin ya koma rawaya zaren ya ruɓe. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne ba ya kumfa, sabulun gari ya fi na sanda aiki a cikinsa. Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, na zafi kama shi yake. Manja kuwa ki goga sabulun wanke-wanke ki cuɗa, ki shanya a tsakar rana, rana ke cinye jan.

Malama Uwa: Inna ta tuna mini. Kayan da fitsari ko kashin jariri ya taɓa a ware musu bokitinsu, kada su shiga kwandon kowa. A fara zuba musu tsurar ruwa har najasar ta gushe, sannan sabulu, a ƙare da ɗauraya da ruwa mai tsarki. A mazhabar Malik da muke bi, fitsarin jariri wankewa ake yi, namiji ne ko mace. Zanen sallarki ma ki ba shi ƙusarsa daban.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri. Saura guga, ita ce ke cinye mini Lahadi, wani lokacin ma ba wuta.

Hajiya Babba: Ba komai ake gogewa ba. Kayan zaman gida na manya, in kin kakkaɓe su da kyau kafin shanya kika ninke da zafin rana a jikinsu, sun yi. Hijabi da rigar makaranta ki shanya a hanga, rabin gugar ta ragu. Abin da ya zama dole shi ne yunifom, kayan fita da kayan jaririya. Ki ajiye dutsen guga na gawayi, kada ki jingina da Nepa, na lantarki yana jan wat 1000 ko fiye, ƙaramin janareta ba ya ɗauka. Ki bari gawayin ya ruru ya daina tartsatsi, ki goge ƙasan dutsen da tsumma, ki fara da masu duhu. Yunifom na kowane yaro, riga da wando da safa, a hanga ɗaya tun dare.

Da hunturu kuma kada ki bar shanya ta wuni. Awa biyu ta bushe, abin da ya wuce haka ƙura take sha. Atamfa ki juya bayanta ki shanya a inuwa, sabuwa kuma ki wanke ta ita kaɗai sau biyu ki ga ko tana zuba.

Ummu Hanifa: Hajiya ni dai har yanzu ina kan baho ɗaya kullum, ya fi mini sauƙi a baya da ƙugu.

Hajiya Babba: Ke famfonki yana zuwa, ita jarka take saye. Ta gwada na sau biyu a mako wata guda, in bai yi ba ta dawo naki.

Maman Walid: Haka zan yi in sha Allah. Gobe in na taso aiki zan biya Kasuwar Rimi na sayo kwanduna uku da hanga dozin biyu. Na kira Walid da ƙanwarsa na faɗa musu Laraba da Asabar nasu ne, macen ta ce to, shi ya yi shiru, zan sa Abbansa ya yi masa magana da dare. Maman 'Yan Biyu, injin naki mai kilo nawa ne, kuma yana ɗaukar bargo?

Maman 'Yan Biyu: Kilo 7 ne, zanen gado biyu yake ci a zubi ɗaya. Babban bargo ba ya juyawa a ciki, shi a baho muke tattake shi da ƙafa, ranar ki ba Walid.