Don Allah a taimaka: kundin ƙasidu ya ƙi rarrabuwa a manhaja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Gadarif, nan Sudan, ni ke riƙe wa zawiyyarmu littattafan bege. Na ɗauki hoton tsohon kundin Baba, shafi 412, Ishiriniya da Burda da waƙoƙin ajami duk a haɗe, na mai da shi PDF ɗaya, na zuba a manhajar jera waƙoƙi ta tablet.

Manhajar sai ta ɗauke shi waƙa guda. Daren Juma'a Malam ya ce a ja harafin mimun, ina ta shafa gilashi da yatsa har mutane suka yi nisa da haddarsu. Kunya kamar in nutse.

Wani ɗalibi ya ce in rubuta sunan kowace ƙasida da shafukanta a fayil ɗin CSV, wato fayil na jerin bayanai layi-layi, manhajar ta rarraba kundin da kanta. Na yi. Amma bango da gabatarwa sun ci shafi 6, kowace ƙasida tana buɗewa a tsakiyar wata. Sunayen ajami kuma suka koma alamomin tambaya zalla.

Lambar shafin littafi zan bi ko ta PDF? Ajamin fa, yaya zan adana shi ya fito daidai? Maulidi ya matso, intanet ɗinmu kuma sai a hankali. Allah ya saka da alheri.