Hadari ya haɗu baƙi ƙirin amma ko ɗigo, wai waya ce ke ƙarya?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana ku warware mani wani abu. Shekaranjiya na duba hasashen yanayi cikin waya ta nuna ruwa kashi 70 nan Argungu, da la'asar kuwa sai ga hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin har mata sunka kwashe shanya, iska da ƙura kamar za su ɗauke kwanon ɗaki, muna ta murna gobe sai shuka, wallahi ko ɗigo bai sauka ba. Da safe ƙanena ya bugo daga Birnin Kebbi wai su can ruwa har ya cika kwata, kuma tsakaninmu bai wuce tafiyar awa guda ba. To waya ce ke ƙarya ko mi? Irin gerona na nan ajiye, na rasa in shuka ko in jira.

Yaron Kamba:
Wa alaikumus salam. Bakan gizo ya shanye maku shi kawai, haka kakata ke cewa hhhh. Ni na daina duba wanga abu tun ranar da ya ce rana tar, na fito da babur na sha duka.

Malamin Jogurafi:
Ɗan Fadama wayarka ba ta yi ƙarya ba, fassarar ce ke ba mu matsala. Kashi 70 ba alkawari ba ne, ma'anarsa in an samu rana goma masu irin wannan yanayin, wajen bakwai za a yi ruwa, uku ba za a yi ba, kai ka faɗa cikin ukun. Kuma akasarin manhajojin nan lissafin kwamfuta ne na yanki mai faɗi, ba wanda ya zo ya leƙa gonarka.

Shi hadarinmu ga yadda yake haɗuwa. Da bazara iska mai laima na tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma tana turo busasshiyar iskar Sahara baya, shi ya sa kake jin zufa ta dame ka tun kafin ruwan fari, kuma shi ya sa Zuru da Yawuri ke riga ku samun damina. Rana na gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta tashi sama da tururin ruwa, duk kilomita ɗaya da ta hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, har tururin ya koma ɗigo-ɗigo, shi ne gajimaren nan fari kamar auduga da kake gani da azahar. In zafi da laima sun isa sai ya yi ta hawa ya wuce kilomita 10, can ƙolinsa ƙanƙara ce zalla, baƙin da kake gani kaurinsa ne ya tare hasken rana.

Abin da ya same ku kuwa, farkon damina iskar ƙasa-ƙasa ba ta gama jiƙa ba, ruwan kan sako daga sama ya bushe a hanya bai iso ba. Bushewar nan ke sanyaya iska ta faɗo da ƙarfi ta kwashi ƙura, wato ku gaban hadarin kunka samu, cikinsa ya bi ta wani wuri. Hadari ɗaya faɗin ruwansa wani lokaci bai fi 'yan kilomitoci ba.

Yaron Kamba:
Malam tsaya, ka ce laima daga kudu take zuwa, to mi ya sa kullum daga gabas muke ganin hadari?

Malamin Jogurafi:
Tambaya mai kyau, ɗalibaina ma nan suke kama ni. Iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa mai laima daga kudu maso yamma take, amma wajen kilomita 3 sama akwai wata mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ke jan hadarin zuwa yamma. Don haka in ka ji an sha ruwa Gusau ko Talata Mafara da rana, ka sa ido da dare.

Baba Manomi:
Ɗana kar ka yi gaggawa. Mu da munka tashi ba mu shuka da ruwan fari sai mun tona ƙasa mun ga jiƙa ta kai tsawon hannu, in ba haka ba tsiro ya fito rana ta ƙone shi ka yi asarar iri. Ni dai na fi sauraren hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da suke fitarwa farkon kowace shekara, ana faɗi a rediyo, don su suna ba da lokacin kamawar damina jiha-jiha har da gargaɗin tsayawar ruwa bayan an shuka. Kuma ku na fadama ba saman kanku kaɗai za ku duba ba, wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san ruwan da aka yi can nesa ne ke biyo gulbi ya cinye shinkafa.

Ɗan Fadama:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Baba na ji, ɗazun nan na je na tona, ko rabin taƙi jiƙar ba ta kai ba. Irin ya ƙara kwana cikin buhu.